Allon Tokar Da Yaya Ya Rina Mini

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Yaya, kuma inda ka tafi nan ne makomar kowannenmu. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina aji ina nuna wa ɗalibai yadda ake kange sarki a wasan ces, sai wayata ta motsa a aljihu. Ba na ɗaukar waya a gaban yara, amma tun da aka sake kwantar da kai a asibiti, duk ƙarar waya sai na ɗauka. Babbar 'yarka ce. Ta ce, "Baffa," sannan ta ce, "Baba ya cika." Na ce wa ɗalibai su kwashe 'ya'yan wasan su mayar akwati. Har yau ban san dalilin da ya sa wannan ce maganar da ta fara fitowa daga bakina ba.

Na zauna in rubuta alherinka, sai na tarar haushinka bai gama fita daga raina ba. Zan rubuta duka biyun, domin ban taɓa ɓoye maka fushina ba, kai ma bai taɓa hana ka barci ba.

Wanda bai san ka ba, ya sani masassaƙi ne kai, amma ba na ƙofa ko kujera ba. Fiye da shekara talatin ka yi kana sassaƙa 'ya'yan ces, wasan nan na allo mai gidaje fari da baƙi, mai sarki da sarauniya da dawaki da dakaru. Ni kuma, autan gidanmu, wasan nake koyarwa a wata makarantar sakandare, da shi nake riƙe iyalina. A hannunka na fara taɓa shi. Bayan rasuwar Baba, da ka zame mana uba kana da sauran ƙuruciyarka, 'ya'yan da suka lalace maka wajen sassaƙa kake zuba mini a gwangwani: doki mai karyayyen kunne, sarki mai karkataccen wuya. Da waɗannan guragun na koyi wasa a wajen wani maƙwabcinmu. Har furfura ta cika mini kai ba ka daina ce mini Auta ba, ko a gaban ɗalibaina ne.

Abin dariyar shi ne kai kanka ba ka iya wasan ba. Na sha zaunar da kai in koya maka, sai ka ɗauki doki ka juya shi ka ce wanda ya sassaƙa wannan bai bi jijiyar icen ba. Ka kan ce naka aikin ya ƙare da zarar murfin akwati ya rufe, abin da ya biyo baya kuma tsakanin 'ya'yan ne da masu zaman banza irina.

Raka ka kasuwar katako azaba ce. Kowane gungume sai ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ka saurara, ka sunsuna, ka jiƙa babban yatsanka ka shafa a kai don ka ga launin da zai yi idan ya sha mai. Masu katako suna hango ka sai su fara tsaki suna dariya, sun san yau za a birkita musu rumfa a ɗauki guntu ɗaya. Ɓangaren baƙi kanya kake nema, ita ma zuciyarta kaɗai, wadda ta yi duhu da kanta. Wani lokaci madobiya, saboda jan da ke cikinta. Ɓangaren fari kuwa ɗinya. Abin da ka sayo ba ka taɓa shi sai ya kwana ya tashi a saman rufin shagonka shekara da shekaru, domin a cewarka ɗanyen ice munafuki ne, yau ya yi maka kyau, baɗi ya tsage a ɗakin wanda ka ba shi.

Rini kuwa ba ka ƙaunar ko jin sunansa. A wajenka ƙarya ce ake yi wa katako. Mai kawai kake shafawa, ka goge, ka bari. Na tuna wani mai babbar mota da ya zo yana so a shafa wa madobiya ruwan zinare. Ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, ka kwatanta masa shagon da ake sayar da na roba, har da raka shi bakin titi. Amma kai ɗin ne dai wata tsohuwa ta kawo wa akwatin marigayi mijinta, dakare ɗaya ya ɓata, tana so ta ba jikanta cikakke. Ka sassaƙa sabo a wuni guda, sannan ka hana ta ɗauka. Ka ajiye shi a bakin taga yana shan rana, kana juya shi kullum, har launinsa ya tsufa ya kamo na 'yan'uwansa. Da ta dawo ka zube su duka a gabanta ka ce ta nuna baƙon. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Wannan shi ne mutumin da kowa ya sani. Saura abin da ya faru tsakanina da kai a shekarar nan ta ƙarshe, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Idona ya daɗe yana ja da baya. Ciwo ne irin wanda ke cin gani daga gefe-gefe, ya bar wa mutum ɗan tsakiya, shi ma haske ya yi yawa sai ya zama hazo. A makaranta na ɓoye iya ɓoyewa. Na san allo da ka, na san inda kowane ɗa ya kamata ya tsaya, haka na yi ta lallaɓawa. Har ranar da ina wasa da wata ɗaliba a gaban aji, na ɗaga sarauniyata da izza na cinye dokina da hannuna. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta sa yatsa a hankali ta mayar da dokin gidansa.

Shugabar makarantarmu mace ce mai adalci, ban zarge ta ba. Ta kira ni ofis ta ce iyaye sun fara magana, kuma kwamiti ya samo wani matashin mai koyarwa. Abin da ta iya roƙar mini shi ne a jira a dawo hutu, in zauna in yi wasa da shi a gaban kwamiti. Ba ci ake nema a wajena ba. So suke su ga ina ganin allo da idona, ba sai an karanta mini ba. Idan na kasa, in ajiye aiki cikin mutunci. Ban san wata sana'a ba, Yaya, kuma yarana ba su gama karatu ba.

Kai ma a lokacin ba lafiya gare ka ba. Ƙurar katakon shekara talatin ta taru a ƙirjinka. Likita ya faɗa a gaban matarka cewa kai da ƙura, kai da warin sinadari, kun raba hanya ke nan idan kana son ranka. Ita ta kulle shagon da hannunta ta jefa mukullin a jakarta. Ban gaya maka aikina yana neman suɓucewa ba, da gangan. Matata ce ta kwarmata, Allah ya yafe mata, ni dai na daɗe ban yafe ba.

Ban san yadda ka yi ka karɓe mukullin ba. Sai dai na ji an aiko in zo shago. Na tarar da kai a kan bencinka, zarto da magagari a jere kamar ba ka taɓa tashi ba, ga allo sabo fil a gabanka. Kai da ka tsani rini, ka rina ɓangare ɗaya baƙi ƙirin, ɗayan ka mai da shi fari fat, ka bi su da banish har suna ɗaukar ido. Lissafinka mai sauƙi ne: wanda ganinsa ya yi rauni, a ƙara masa baƙi, a ƙara masa fari. A cikin duhun shagonka na ɗan gani, har na fara murna. Da na kai shi aji, inda tagogi suke manya ga fitilu a sama, sai allon ya zama kamar tiren ruwa a rana. Baƙin ɗa ya nutse a baƙin gida, fari ya narke a fari, ƙyallin banish ya ƙarasa sauran. Na mayar maka na ce ka bari haka, ka yi iya yinka.

Ba ka bari ba. Bayan ɗan lokaci ka sake aikowa. Wannan karon fuskarka har sheƙi take yi don jin daɗi. Ka ce in rufe ido, ka sa mini ɗa ɗaya a kowane hannu. Na dama mai nauyi ne, mai sanyi, sumul kamar dutsen rafi: kanya. Na hagu ba nauyi, ɗumi-ɗumi, ka bar masa ɗan kaushi: ɗinya. Ka ce, "To, Auta, me za ka yi da ido? Ka shafa kawai, hannunka zai gaya maka naka da na abokin gaba."

Aikin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Amma ina riƙe da su na gane ba za su yi mini amfani ba. A ƙa'idar wasan, idan ana yin sa da gaske, ɗan da ka taɓa shi za ka matsar, ko da zai kai ka ga halaka. Idan na abokin wasa ka taɓa, dole ka ci shi in yana ciwuwa. Wannan ne abin da nake fara koya wa kowane ɗalibi a makon farko. Shekara talatin kana sassaƙa 'ya'yan nan, ba ka taɓa sanin ba a shafa su ba.

Na faɗa maka, kuma ban faɗa da taushi ba. Na ce da ka yarda ka zauna ko sau ɗaya ka koyi abin da kake sassaƙawa, da ba ka shaƙi ƙurar kanya a banza ba. Muryata har titi. Ka tsaya kana kallon dokin da ke hannunka. Sannan tari ya sarƙe ka, irin wanda ke lanƙwasa mutum biyu, ka dafa benci kana laluben abin shaƙarka a aljihu. Na tsaya a kanka ban san abin yi ba. Da ya lafa, ka goge ido ka ce, "Wane mugun ne ya kafa wannan doka?" Ka yi 'yar dariya, ni ban yi ba.

Washegari da rana matarka ta zo gidana. Tun da ka auro ta muke wasa da dariya da ita, ban taɓa shiga gidanku na fita ba ta tsokane ni ba. Ranar ko zama ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka je ka ce wa yayanka ba ka so. Ni na yi magana har bakina ya gaji. Aikinka aiki ne, na sani, amma shi numfashi ake magana." Gaskiya ta faɗa. Na sa takalmi na bi bayanta.

Na same ka na ce na fasa, na ce na gaji da koyarwa ma, dama ina neman dalilin hutawa. Ka dube ni daga sama har ƙasa ka ce, "Auta, yaushe ka koyi ƙarya? Ba ta yi maka kyau ba." Na ce to a ba wani kafinta ya yi, kai ka riƙa faɗa masa daga nesa. Ka ce yanka da haɗi kowa zai iya, ka kuma yarda a ba wani, amma launi ba a aika shi. Na rantse ko ka yi ba zan karɓa ba. Ka ce ba komai, sai a ajiye a kan kabarinka in zo in ɗauka. Matarka ta juya ta shige ɗaki. Wallahi, Yaya, a ranar da ina da ƙarfin ɗaga maka hannu da na ɗaga.

Abin da ka yi bayan nan ban taɓa ganin wani ya yi ba. Ka ce kuskurenka biyu duk iri ɗaya ne: ka zauna a shago kana yi wa idona zato. Ka yanyanka ragowar katako ƙanana-ƙanana, ka rina kowanne da launi dabam, wasu da banish, wasu ba banish, ka cika buhu. Ranar da ba makaranta ka lallaɓi maigadi ya buɗe mana ajina, a daidai lokacin da na saba koyarwa, don hasken ya zama shi ne dai wanda zan zauna a cikinsa. Ka zaunar da ni a kujerata. Ka riƙa ɗora guntu a kan guntu kana tambaya, "Nawa kake gani?" Idan na ce ɗaya, ka jefar gefe. Idan na ce biyu, ka matsar da su nesa ka sake tambaya. Hawa benen ajin kaɗai sai da ka huta a hanya, ina jin ƙirjinka yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, amma ba ka yarda mun tashi ba sai da buhun ya ƙare.

Abin da muka gano ya ba ka mamaki fiye da ni. Jan madobiyar da kake alfahari da shi, a idona laka ne, shi da ruwan ƙasa mai duhu duk ɗaya. Fari fat yana yi mini ƙyalli ya bazu, amma idan an ɗan sa masa rawaya sai ya tsaya cak. Baƙin kanya yana nan daram muddin ba a sa masa abin sheƙi ba. Babban abin kuwa, ashe laifin ba na 'ya'yan ba ne, na allon ne. Muddin gidajen fari ne da baƙi, dole rabin 'ya'yan su ɓuya a cikinsu. Sai an sami launi biyu na tsaka-tsaki, waɗanda suka bambanta da juna, kuma baƙi da rawaya duk za su fito a kansu. Daga cikin buhun nan kaf, biyu ne suka yi: wani ruwan toka mai ɗan shuɗi, da wani ruwan ƙasa mai haske.

Ka ɗaga guntun tokar ka kalle shi kamar an ba ka magani mai ɗaci. Ka ce a rayuwarka ba ka taɓa ganin launi mai muni irin wannan ba, kamar bangon asibiti. Sannan ka sa shi a aljihun gaba.

Nan ne wahalar ta fara. Babu icen da Allah ya halitta da wannan launi, dole a rina. Ka gwada rinin ruwa, wanda ba shi da wari, ya fito dabbare-dabbare, kuma kowane tabo a idona ɗa ne. Wanda ke shiga katako bai ɗaya shi ne wanda ake dama shi da tina, sinadarin nan mai hawa kai, ainihin abin da likita ya ambata da suna. Kuma ba shafa ɗaya ba ce. Sai a shafa siriri, a bari ya bushe, a bi da samfefa, a gwada da guntun nan na aljihunka, a sake shafawa, har a kai daidai. Shafa ɗaya ta wuce, an ɓata gidan.

Ka fito da benci tsakar gida don iska, ka ɗaura takunkumi biyu, ka ce ai ka bi dokar likita rabi. Kullum na zo sai in tarar da matarka zaune daga nesa, abin shaƙarka a cinyarta, ba ta kallona. Na daina yi maka magana don ka ji haushi ka bari, ko a jikinka. Na ɗauke gwangwanin rinin na ɓoye a gidana, ka aika aka sayo wani. Kwanakin hutu suna ƙarewa, tarinka yana ƙaruwa, ni kuma ina tsakiya, kunya ta hana ni addu'ar ka gama, tsoro ya hana ni addu'ar ka fasa. Ban taɓa shiga ƙunci irin na makonnin nan ba.

Ana jibi za a koma makaranta numfashinka ya ɗauke a kan bencin. Aka kwashe ka zuwa asibiti. Na ce a raina shi ke nan, allo ya sha ruwa, kuma ban damu ba.

Ranar gwajin da safe, ina shirin fita in je in ajiye aiki da bakina kafin a kore ni, aka yi sallama. Matarka ce, idanunta sun kumbura, ɗauke da wani abu a naɗe cikin zane. Ashe ka gama shafar ƙarshe kafin ka faɗi, bushewa kawai ya rage. Ta ɗora mini a hannu ba gaisuwa. Ta ce, "Ya ce kar ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce kuma ka zauna taga tana bayanka." Ta juya. Na kira ta, ba ta waiwayo ba.

'Yan kwamiti suna jere a gefe, shugaba tana tsaye a bakin ƙofa, matashin yana zaune yana jirana, yaro mai ladabi, har ya miƙe ya gaishe ni. Na warware zanen. Wani daga cikin kwamitin ya ce wannan wane irin allo ne kuma. Ni dai ina ta jera 'ya'yan, kuma ina ganinsu. Baƙin sarki ya tsaya a gidansa, gefensa a yanke tsaf kamar an zana shi da alƙalami. Dakarun rawaya sun yi layi, ina iya ƙirga su daga inda nake ba tare da na sunkuya ba. Rabon da in ga allo haka har na manta. Warin tina bai gama fita daga katakon ba, duk numfashin da na ja sai na tuna inda kake kwance.

Yaron ya iya wasa, ba ƙarya. Ya matsa mini lamba tun daga farko. Can tsakiya ya turo dokinsa gefen allo, daidai inda ganina ya mutu, ban sani ba ko da gangan ne. Na san wani abu ya motsa amma ban ga inda ya sauka ba. Hannuna ya tashi da kansa zai lalubo, na kama shi da ɗayan na danne a cinya. Na juya kaina a hankali, gida bayan gida, har baƙin dokin ya shigo cikin ɗan abin da ya rage mini, yana tsaye a kan toka, kunnuwansa a miƙe, yana shirin cin sarauniyata. Na janye ta. Na ji shugaba ta sauke numfashi daga bakin ƙofa.

Canjaras muka tashi. Aka ce in maimaita wasan ina bayani kamar ga ɗalibai, na yi, ina nuna kowane gida da tsinin alƙalami. Shugaba ta ce in shiga aji ranar Litinin.

Daga nan asibiti na wuce da allon a hammata. An sa maka robar iska a hanci, ka rame kamar ba kai ba. Ba ka tambaye ni ko na ci ba. Ka janye robar ka ce, "Baƙin doki a kan toka, ya fito?" Na ce ya fito. Ka ce tokar ta ɗan yi duhu a layi na ƙarshe, hannunka ne ya yi nauyi, da ka samu da ka rage.

Nan fushina ya fashe, na manta a asibiti muke. Kai ka raka ni wajen likitan ido tun farkon ciwon nan, kana zaune ya ce abin ba ya tsayawa, ɗan ganin da ya rage ma tafiya zai yi, ko a shekara biyu ko ƙasa da haka. Na ce ka san wannan sarai. Na ce ka ƙone huhunka a kan allon da ba da daɗewa ba zai zame mini katako kawai. Ka bari na gama, ka ja numfashi da ƙyar, ka ce, "Na sani, Auta. Ko zango ɗaya ne, ka koyar da shi kana gani. Ranar da za ka tashi daga kujerar nan, kai za ka ce ka tashi."

An sallame ka, ka yi 'yan makonni a gida, aka sake mayar da kai, daga nan ba ka dawo ba. Likita ya ce mana ciwon tsoho ne, da allo da ba allo inda za shi ke nan. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila kuma tausayina ya ji. Ba ni da hanyar sani, kuma haka zan zauna da shi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san taurin kansa, ka kuma san a kan wa ya kashe shi. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sauƙaƙa masa numfashin da ya ƙuntata a duniya, ka sa Aljanna ce makomarsa, ka haɗa shi da iyayenmu a cikin rahamarka.

'Ya'yansa, ina yi muku ta'aziyya, ina yi wa kaina. Ban kai shi ba, amma ƙofata taku ce muddin ina numfashi. 'Yan'uwa da abokan sana'arsa da duk wanda ya taɓa buɗe akwatin da ya fito daga hannunsa, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ke kuma matar Yaya, na bar ki a ƙarshe don ban san da wane baki zan fara ba. Kin roƙe ni in hana shi, na kasa. Kin ɗauko allon da hannunki kin kawo mini, alhali kina da ikon jefa shi a wuta, ba wanda zai ga laifinki. Tun ranar ba mu haɗa ido ba. Ba na neman ki ce ba komai, domin akwai komai. Ina so dai ki sani kullum da safe ina shiga aji, taga tana bayana, kuma har yau ina gani. Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da alheri, ya jiƙan mijinki. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.